Hannun haƙa ƙirar gida a bayan Massey 375: rani ɗaya na yi da shi

Kuɗin hayar katafila ne ya tura ni wajen mai walda. Kududdufan kifi biyu nake son haƙawa da magudanar ruwa a gonata ta fadama, sai na tarar kuɗin ɗauko motar a kan tirela kaɗai, tun ba ta taɓa ƙasa ba, ya isa ya sa mutum ya haƙura. Kun san yadda abin ya koma yanzu. Ga kuma taraktata Massey Ferguson 375 a ajiye tun da aka gama haro, ba ta komai sai jiran damina. Shi ne na ce a ƙera mata hannun haƙa da bokiti, irin wanda ake ratayawa a baya.

Kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano muka tsinto su: silinda shida na haidirolik (masu aiki da ƙarfin mai) daga tsofaffin motocin aiki, bawul mai liba shida, tiyo, da falankin ƙarfe mai kauri. Silinda ɗaya na ɗaga hannun, ɗaya na lanƙwasa gwiwa, ɗaya na bokiti, ɗaya na juyawa, biyu na ƙafafun da ake dogarawa a ƙasa. A nan dole in yaba wa mai waldar. Shi ya hana ni jan mai daga famfon taraktar, ya ce an yi shi ne don ɗaga garma, zai yi sanyin aiki. Ya sa famfo dabam a kan shaf ɗin PTO, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta don sarrafa kayan aiki, mai juyi 540 a minti, da tankin mansa dabam. Shawara ce mai kyau, har yau ina gode masa a kanta.

Makon farko kam na ji daɗi ƙwarai. A laka da jigawa bokitin yana shiga kamar cokali a tuwo mai zafi. Abin da leburori goma za su wuni suna yi da diga da kwanon sarki, kafin azahar mun wuce shi. Zurfin ya kusa mita biyu. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, har wani ya nemi in kai shi wajen wanda ya ƙera, na kuwa kai shi da kaina. Da a wannan makon na rubuta sharhin nan, da yabo kawai za ku karanta.

Ranar da muka shiga kududdufi na biyu ne komai ya canza. Ɗan ƙanena ne a kan kujerar hannun, yaro mai hankali, shi ke tuƙa min tarakta shekara da shekaru. A ƙarƙashin lakar kaɗan akwai marmara, ba mu sani ba. Haƙoran bokiti suka ci karo da ita, ya danna liba don ya tura su ciki. Marmara ta ƙi, sai duk abin ya tashi sama, da kujera da shi da ƙafafun dogarawa, ya nufi bayan tarakta. Ina tsaye a bakin rami ina gani. Sai na ji ƙara, sandar sama da ke riƙe da hannun haƙar a jikin tarakta ta lanƙwashe, mazauninta ya tsage. Allah ya sa ya saki libar. Bayansa ya bugi ƙarfe, ya sauko yana cewa, "Baba, ba komai, ba komai," alhali ƙafafunsa rawa suke. Ni ma sai da na zauna a ƙasa. Da taraktar na da rumfa, da tsakanin kujera da rumfar zai matse, kuma ban san da wane baki zan je wa uwarsa ba.

Bakanike ne ya fahimtar da ni dalili, kuma da ya faɗa sai na ga abin a fili yake. Hannuwan bayan tarakta biyu ɗagawa kawai suke yi. Nauyin garma ne ke saukar da su, babu abin da ke danne su ƙasa. To mai walda a kansu da sandar sama kawai ya rataya min hannun haƙa, kamar garma ce. Duk sanda bokiti ya tokari ƙasa mai tauri, ba abin da zai hana shi ɗaguwa. Ƙari a kan haka, a Massey sandar nan a jikin murfin haidirolik take, ta nan tarakta ke jin nauyin garma tana daidaita zurfi. Wato duk ƙarfin haƙar yana ƙarewa ne a kan wurin da ba a yi shi don haka ba.

Da na koma wajen mai walda, amsar da ya ba ni ta fi karyewar ƙarfen ɓata min rai. "Alhaji, ai yaron ne ya matsa masa." Na ce Malam, abin haƙa ne na ce ka ƙera min, ƙasa kuma ba ta sanar da mutum inda dutse yake. Mun daɗe muna ja kafin ya yarda ya yi masa gadon ƙarfe, wanda aka ɗaure da kusoshi a jikin ƙarfen tayoyin baya aka miƙa shi ta ƙarƙashin ciki zuwa gaba. Kuɗin ƙarfen daga aljihuna ya fito. Wajen kwancewar ne kuma muka ga walda ta fara tsagewa a gindin hannun, saboda da sandar 6013 ya yi ta, wadda ake haɗa ƙofa da taga. Na sa aka kankare aka sake da sandar 7018, wadda ake waldar ƙarfe mai ɗaukar nauyi da ita. Mutumin ya san 7018 sarai, tsadarta ya guje wa.

Tun da aka sa gadon bai sake motsi ba, mun kuma gama kududdufi na biyu da magudanar. Sai dai yanzu da idona ya buɗe, ina ganin sauran aibobin da murna ta rufe min. Ramukan fil na gaɓoɓin hannun ba a sa musu bushi ba, wato zoben da ke shiga tsakanin fil da rami, ƙarfe ke cin ƙarfe, bokitin har ya fara kaɗa kai duk da giris da muke sa masa kullum. Juyawarsa da fizga take, ba ka iya ajiye ƙasa daidai inda kake so. Tankin ya yi ƙanƙanta, in rana ta take mai yana zafi har hannun ya yi kasala, sai an tsaya ya huce. Ga sauka da hawa: kowane ɗan taku sai ka ɗaga ƙafafu, ka koma kujerar tarakta, ka matsa, ka dawo.

Duk da haka ya biya kuɗinsa, ba zan ɓoye ba, kuma ban sayar da shi ba. Maƙwabcin nan da na kai, tun a daren da abin ya faru na je gidansa na ce ya dakatar da aikin sai an sa gadon ƙarfe an sa bushi. Nasa yana can wajen mai walda ana gyarawa. Nawa kuma ni nake hawa yanzu. Yaron ya ce zai iya, na ce ya bari tukuna.