Makonni shida da madubin sitiriyo a kan tsohuwar kyamarar kawuna

Kyamarar Pentax K1000 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1976, kuma ta daɗe a cikin akwatin kawuna a unguwar Nima ta birnin Accra kafin ya danƙa mini ita. Abin da na saya na ƙara mata shi ne wani ɗan akwati mai madubai huɗu a ciki, wanda ake murɗawa a bakin gilashin kyamarar mai 50mm kamar yadda ake murɗa murfin kwalba. Tagoginsa biyu suna kallon abu daga wurare biyu da tazararsu ta yi kusa da ta idanun mutum, wato wajen milimita 65, sai ya raba fim ɗin 35mm gida biyu, kowane hoto ya sami milimita 18 a faɗi da 24 a tsaye. Wannan dabarar ta sitiriyo, wato kallon hotuna biyu tare don abu ya fito da zurfi kamar yadda ido yake ganinsa, tsohuwa ce, domin tun 1838 masanin kimiyya Charles Wheatstone ya bayyana ta a Ingila.

Hoton da ya biya ni kuɗina na wata mai koko da ƙosai ne a bakin titin Mamobi. Na ce, "Hajiya, don Allah ki ɗaga ludayin kaɗan." Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, kokon za ka saya ko ludayin?" Ina tsaye kamar mita biyu daga gare ta, ƙofar haske tana kan f/8. Da aka wanke fim ɗin na sa hoton a madubin kallo, wanda yake nuna wa kowane ido rabinsa, sai ga ludayin ya fito fili kamar zai taɓa mini hanci, tukunyar tana bayansa, Hajiya tana bayan tukunyar, kowanne da mazauninsa. Kawu ya kalla ya daɗe bai ajiye ba.

A Jamestown kuwa asarar fim na yi, domin hasumiyar fitilar jiragen ruwa da na ɗauka daga nesa ta fito shafal, babu wani zurfi. Abin da ya yi nisa sosai, 'yar tazarar da ke tsakanin tagogin ba ta iya raba gabansa da bayansa.

Na'urar tana da sharuɗɗa masu tsauri. Idan aka buɗe ƙofar haske sosai hotunan biyu suna shiga juna, idan aka tsuke ta kuma baƙin layin tsakiya yana cinye gefensu. Ba a juya kyamara a tsaye, kuma ɗan karkacewa kaɗan yana sa mai kallo ciwon kai. A shagon da na kai wanki, yaron ya ɗauka kuskure ne ya yanke mini rabin kowane hoto, sai da na koma na yi masa bayani.

Damshin Accra ma abin tsoro ne, saboda azurfar madubin a samansa take, goge ta da bakin riga yana barin zane. Yanzu a cikin gwangwani mai murfi nake ajiye na'urar, tare da ƙullin shinkafa.