Kwalta, poliyesta ko efoksi: wanne za ka saya in za ka gyara tsohon kwale-kwale a gida

Tun ranar da aka ga kwale-kwalen kawuna kife a tsakar gidanmu a Bagalam mutane ke ta tambayata wane irin rezin na sa, wato ruwan nan mai kauri da ake shafawa ya daskare ƙam, kuma ina na samo shi, to bari in faɗa gaba ɗaya in huta. Jirgin na katako ne, tsawonsa mita 6, ya yi shekaru a tabkin Madarunfa ana kamun tarwaɗa da karfasa da shi, har ya kai ga in kawu ya shiga ruwa sai ya tafi da yaro guda wanda aikinsa kawai kwalfe ruwa da ƙwarya. Muka ɗauko shi a bayan mota, kamar kilomita 25 ne zuwa Maraɗi, na ce zan lulluɓe shi da fibir, wato ƙyallen zaren gilashi da ake mannawa da rezin. Sau biyu na yi aikin, na farko asara ce tsagwaronta, shi ya sa nake da bakin magana.

Kwalta da tsumma da ƙyallen kwano da ƙusa, wannan shi ne gyaran da kowa ya sani a bakin tabki, yana da araha kuma yana kai ka ƙarshen kaka, amma kowace ƙusa sabuwar ƙofar ruwa ce, kuma duk inda kwalta ta taɓa rezin ba ya kamawa sai ka kankare har ka ga farin katako. Mastik na masu gyaran jikin mota kuwa kar ma ka fara, da hoda aka cika shi, shan ruwa yake.

Saura biyu ke nan, poliyesta da efoksi, kuma nan ne kuɗi ke ciki.

Poliyesta shi ne wanda za a miƙo maka in ka shiga shago ka ce kana son rezin, mai warin nan da ke hawa kai, ana ɗiga masa ɗan maganin da ke sa shi daskarewa, wanda aka rubuta MEKP a jikin kwalbar, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato kamar mililita 10 zuwa 20 a kilo guda. In jirginka dama can na fibir ne, ya fashe ko ya tsage, to poliyesta ya ishe ka, danginsa ne. Amma a kan katako ba ya da amana. Katako yana kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, shi kuwa poliyesta in ya daskare ya zama kamar tangaran, ba ya bin katakon, kuma dama riƙonsa ga itace ba mai ƙarfi ba ne. Aikina na farko da shi na yi, bai rufa wata huɗu ba kawu ya kira ni, ya ce "ɗana zo ka ga rigar da ka ɗinka wa jirgi, ta fara tuɓewa". Da na je na sa hannu a gefen gindin na ja, sai ga falle guda ya taso kamar ɓawon rogo, ƙarƙashinsa ruwa ya kwanta katakon ya yi baƙi ya yi laushi, wato ya fi ruɓewa fiye da lokacin da ba a sa komai ba, tunda ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Gaskiya da laifina a ciki, ban bar jirgin ya bushe sosai ba, kuma akwai wuraren da na bar kwalta don na gaji da kankara.

Efoksi kuwa, wallahi in da tun farko shi na saya da ban yi aiki biyu ba. Ruwa biyu ne, rezin da abokin haɗinsa, kowane kamfani da ma'auninsa, wani 2 da 1 wani 5 da 1, kuma ba a yi masa kintace, ba kamar poliyesta ba ne da za ka ƙara magani ya yi sauri, shi in ka ƙara ko ka rage sai ya ƙi daskarewa ya zauna da danƙo har abada. Ni da sirinji babba da ƙaramin sikeli na masu sai da kayan miya na yi ta awo. Abin da ya sa nake sonsa, yana shiga cikin katakon ne ya jiƙa shi kafin ya daskare, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma yana ɗan lanƙwasa tare da itacen. In ka dama shi da garin katako mai laushi ya yi kauri kamar tunkuza, shi ne abin toshe tsaga da ramin ƙusa, babu abin da ya kai shi. Ba ya da wari sosai, amma ka sa safar hannu don in ya saba taɓa fata yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma rana tana cinsa, dole a bi shi da fenti, ranar Maraɗi kuwa ba sai an faɗa maka ba.

Mutane na gudunsa saboda tsada, kuma gaskiya ne kilo guda ya ninka na poliyesta, amma ku yi lissafi da ni. Bayan jirgin kawu kamar murabba'in mita 10 ne. Fibir iri biyu ne, akwai mai gashi-gashi kamar tabarmar da aka watsa zare, akwai saƙaƙƙe kamar yadi. Mai gashi na giram 450 a kowane murabba'in mita in ka shimfiɗa biyu kilo 9 ke nan, kuma yana shan rezin ninki biyu na nauyinsa ko fiye, ka ga kilo 20 na poliyesta sun tafi, ka ɗora wa jirgi kusan kilo 30 wanda mai tuƙi zai ji a kafaɗarsa. Saƙaƙƙe na giram 300 shimfiɗa biyu kilo 6 ne, efoksin da zai sha kusan daidai nauyinsa, ka ƙara kilo 2 ko 3 na shafen farko da toshe ramuka. To ina tsadar ta tafi? Sai dai ka kiyaye, mai gashi da poliyesta aka yi shi, ƙullin da ya riƙe zarensa sinadarin cikin poliyesta ne ke narkar da shi, in ka sa masa efoksi sai ya tsaya ƙiƙam ya ƙi kwanciya a kwana. Efoksi da saƙaƙƙe suke tafiya. Kuma efoksi yana kama tsohon poliyesta in an goge shi da samfefa, amma poliyesta a kan efoksi ba ya zama.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Yawancin kayan ga daga Kano suke shigowa ta Jibiya da Dan Isa, wasu daga Yamai, kuma da wuya ka samu a gwangwaninsa na asali, a duro ake kawowa a ɗura maka a bido ko robar ruwa, babu suna babu kwanan wata. Poliyesta ba ya daɗewa, wata shida ne ƙa'idarsa a wuri mai sanyi, balle a shagon kwano a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. In ya fara tsufa sai ya yi kauri ya yi gudaji, sai wasu su tsinka shi da tina ya dawo kamar sabo, kai kuma ka ga ruwa-ruwa ka ce ka dace. Haka aka yi mini da bido guda a wani shago da ba zan kira suna ba, na shafa da safe, har la'asar in ka taɓa yatsa na mannewa, bayan kwana uku ma haka, na koma na ce "Alhaji kayan nan ba su daskare ba", ya ce ai ni ne ban iya haɗi ba, ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Kwana biyu na yi ina kankare shi da cizal ina zagin kaina. Shi ma maganin ana yi masa algus, kuma in ya sha rana ƙarfinsa raguwa yake. Efoksi kuma akwai wanda ake zuba wa tebur da kayan ado, garau kamar ruwan sha, wannan ba na jirgi ba ne, yana da tsinkewa, kwarara zai yi ya bar maka gefen jirgi a bushe, kuma akwai masu miƙo maka poliyesta da sunan efoksi don sun ga ba ka sani ba. Ganewa ba wuya, shinshina, in warin ya doki hanci kuma abokin haɗin 'yar ƙaramar kwalba ce, poliyesta ne ko me ya rantse da shi.

Abin da nake yi yanzu, rabin lita nake fara saye, in je gida in haɗa kaɗan a gindin robar ruwa, in manna ƙyallen fibir a guntun katako irin na jirgin, in ya kwana ya daskare ƙam in jefa shi a bokitin ruwa sati guda, sannan in sa cizal in ɓamɓare. In ya taso da tsokar itace a jikinsa kaya sun yi, in ya taso sumul kamar an ɓare lambar mota to na tsira da sauran kuɗina. Mai shagon da ya ƙi sayar maka da kaɗan don gwaji ka san akwai lauje cikin naɗi.

Lokacin aiki ma zaɓi ne. Ka fito da jirgi bayan kaka ka kife shi a inuwa kan duwatsu ya sha iskar hunturu sati shida ko fiye, duk katakon da tsinin wuƙa ya shige shi a sauya, fibir ba ya rayar da ruɓaɓɓe. Ka yi shafe da hantsi kafin rana ta take, ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan don in ka cika kofi a zafin nan kafin ka juya ya ɗau zafi ya daskare a hannunka har da hayaƙi. Wajen guga ka sa takunkumi da riga mai dogon hannu, ƙurar fibir ta fi ƙaiƙayin gero, kuma maganin MEKP in ya faɗa ido yana makantarwa, ka ɗaga shi sama inda yara ba su kai.

Jirgin kawu ya koma Madarunfa da fenti shuɗi, damina biyu ke nan, yaron kwalfe ruwa yanzu koma yake ja. Da na je ranar kasuwa kawu ya ɗaure mini tarwaɗa huɗu a leda, ya ce maƙwabcinsa ma zai kawo nasa in ruwa ya ja baya, na ce to ya fara kankare kwaltar da kansa tukuna.