Ɗurin daskararren maniyyi ga goɗiyar folo: yadda aikin wani likitan dabbobi ya kasance a Kano

Duk mai ajiye dawakin folo a Kano ya san zullumin da ke cikin sayo doki daga Ajantina, domin bayan tsadar kuɗinsa da ta jirgi, dokin da bai saba da ƙasarmu ba yana iya faɗuwa cikin 'yan kwanaki idan cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa da damina, ta same shi. Wannan ne ya sa na yanke shawarar a kawo jinin maimakon a kawo dokin, wato a ɗura wa goɗiyata, bikiliya mai shekara takwas, daskararren maniyyin wani ingarma na waje. Na ba wani likitan dabbobi mai zaman kansa aikin, kuma ga abin da na gani.

Maniyyin yana zuwa ne cikin 'yan siraran tsinkayen roba, kowanne rabin mililita, a nutse cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Muddin ruwan bai ƙafe ba, zai yi shekaru bai lalace ba. Tun kafin a biya ko kwabo likitan ya nemi takardar izinin shigowa da shi daga hukumar killace kayan noma ta ƙasa, da shaidar cewa an gwada ingarman, saboda akwai cututtukan da ke bin maniyyi su shiga barga. A nan na yaba masa ƙwarai.

Wahalar aikin ba a tulun take ba, a lokaci take. Goɗiya takan nemi namiji kusan duk kwana 21, ta yi kwana biyar zuwa bakwai a haka, sannan ta saki ƙwai gab da ƙarshe. A bayen gargajiya maniyyin ingarma yakan yi kwana biyu ko fiye da rai a cikinta yana jiran ƙwan, amma wanda aka daskarar aka narke ba ya wuce kamar awa 12, shi ya sa dole a ɗura shi dab da sakin ƙwan, ko cikin awa shida bayansa. Ma'anar wannan ita ce likita ya riƙa duba goɗiyar da na'urar hoton ciki duk bayan awa shida, dare da rana, bayan ya yi mata allurar da ke sa ƙwan ya fito cikin awa 36 zuwa 48 idan jakarsa ta kai milimita 35.

A zagayen farko nan ne aka samu matsala. Ya duba ta da magariba, ya ce zai dawo tsakar dare, bai zo ba sai bayan asuba, lokacin kuwa ƙwan ya riga ya fita tun ba a san sa'ar ba. An ɗura, bayan kwana 15 aka duba, wayam. Tsinkayen da aka narke ba sa komawa tulu, saboda haka asarar tawa ce. Da na nuna ɓacin raina bai yi gardama ba, cewa ya yi: "Alhaji, laifina ne, wannan karon a bargar zan kwana." Ya kuma yafe kuɗin aikinsa na zagaye na biyu, ko da yake ya kamata tun farko ya gaya mini cewa shi kaɗai ne, ba shi da mataimakin da zai karɓe shi.

Ya cika alkawari. Wajen ƙarfe biyu na dare na same shi da ɗan bargata, an naɗe wutsiyar goɗiyar an wanke ta, janareta na ruri saboda an ɗauke wuta. Ya zaro tsinken da hantsaki, hayaƙin sanyi na malalowa daga bakin tulun, ya tsoma shi cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 yana ƙirga daƙiƙa 30 da agogon hannunsa, ya goge shi tas domin ɗigon ruwa ɗaya yana kashe maniyyi. Sai da ya ɗiga kaɗan a madubin ƙara girma ya kira ni na leƙa na ga suna motsi, sannan ya ɗura. Washegari ya ga ruwa ya taru a mahaifar, abin da kan faru da daskararren maniyyi, ya wanke ta ya yi allura. A kwana na 15 aka ga cikin, kuma ya tsaya ya tabbatar ba tagwaye ba ne, domin goɗiya ba kasafai take kai tagwaye ga haihuwa ba. Yanzu sai jiran wata 11, idan Allah ya kai mu.

Abu biyu zan faɗa wa mai sha'awa. Kuɗin ƙara naitirojin a tulu da na zirga-zirgar dubawa ba su cikin lissafin da aka fara ba ni, kuma da aka tara sun yi nauyi, don haka a nemi a rubuta komai tun farko. Sannan mai kiwon dawakin sukuwa irin Thoroughbred ya sani hukumomin rajistarsu ba sa karɓar dukushin da aka samu ta ɗuri, sai na baye kai tsaye. A folo babu wannan shamaki, har ma a 2016 shahararren ɗan wasan folo na Ajantina, Adolfo Cambiaso, ya hau kwafi shida na goɗiyarsa Cuartetera, wato dawakin da aka samar a kimiyyance daga ƙwayoyin jikinta, a wasan ƙarshe na gasar Palermo ta Ajantina.

Zan sake kiran wannan likita, amma da sharaɗin ya zo da mataimaki, kuma ba zan sake sayen maniyyin zagaye ɗaya kacal ba.