Madubin waya da zanen da ke jikin gangar libarbata

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na sayi wannan ɗan madubin ƙara girma, irin wanda ake maƙala wa a kyamarar waya, mai 'yar fitila a baki. Masu gyaran waya ke amfani da shi. Ni kuwa libarbar da aka ba ni a wurin aiki ce ta kai ni, tsohuwar Smith & Wesson Model 10 mai cin harsashi 6, wadda na ga wasu zane-zane a gangarta da suka hana ni sukuni. Ganga ita ce ɓangaren nan mai juyawa da ake zuba harsashi a ciki.

Na zazzage harsasan, na ƙirga su a kan tebur, sannan na kunna fitilar. Nan aibin madubin na farko ya fito: ƙarfe na mayar da haske, hoton ya yi fari fat. Sai da na kashe ta, na koma bakin taga da hantsi. Maƙalin ma robar banza ce, hannu na ɗan rawa hoto ya gudu.

Amma da ya zauna, ya yi aiki. Siririn layin da ya zagaye gangar ta kan ramukan makulli, wato 'yan ramukan da ke jikinta ta waje, ya fito sumul, ba kaushi. Ɗan ƙarfen da ke tsayar da ganga ne ke gogarta in tana juyawa, kuma kusan duk Smith ɗin da ta sha aiki tana da shi. Baƙaƙen zobban da ke bakin ramukan harsashi kuma hayaƙin albarushi ne kawai. Kodewar gefe, gogar kube ce da ƙurar hunturu.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani ƙyalli kamar jinjirin wata a fuskar gangar, gefe ɗaya tak, daidai ramuka biyu. Da ido sai ka ce datti aka goge. A madubin kuwa ƙarfe ne ya kankare, layuka duk sun bi hanya ɗaya.

Na kai wa dattijon da ke kula da ma'ajiyar makamanmu hoton. Ko minti bai yi yana kallo ba, ya ɗaga bindigar saitin haske yana juya gangar a hankali. Tsakanin gangar da gindin bututun bindigar akwai 'yar tazara da ba ta kai rubu'in milimita ba. A ramuka huɗu haske na wucewa, a biyu ya toshe.

"Ɗana, da yarfa hannu kake rufe gangar, irin na 'yan fim?"

Na ce, "Wani lokaci, Baba."

Ashe ƙarfen da ke riƙe da gangar ne ya ɗan lanƙwashe saboda yarfawar, shi ya sa take gogar bututu. Ya karɓi bindigar, ya rubuta a littafi, ya ce ba za ta sake fita ba sai an gyara.

Madubin ya ci kuɗinsa, in dai za ka jure maƙalin. Yanzu yana hannun ƙanena, yana duba kafar cajin wayoyi da shi.