Eibach Pro-Kit a kan Toyota 86: milimita 25 sun wadatar a titunan Birnin Kebbi

Toyota 86, wadda 'yan tokumbon Amurka suka fi zuwa da sunan Scion FR-S ko Subaru BRZ, tun daga kamfani ba ta da tsawo: tsakanin cikinta da ƙasa kusan santimita 13 ne kacal. Duk wanda zai sa mata sifirin (naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a wajen taya) na rage tsawo, daga wannan lissafin ya kamata ya fara, tun kafin ya duba yadda taya za ta cika gurbinta a jikin motar.

Eibach, kamfanin Jamus, yana da sifirin iri biyu da aka fi nema. Pro-Kit, mai baƙin fenti, yana sauke wannan motar da kusan milimita 25 gaba da baya. Sportline, mai jan fenti, yana kai ta wajen milimita 35. A ido bambancin bai kai faɗin yatsa ba, amma a ƙofar gida mai gangare, ko kan tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke zubawa da siminti ba awo, wannan ɗan bambancin ne ke sa leɓen bamba ko salansa ya karci ƙasa. Ga mai bin hanyar Jega ko Argungu, musamman bayan damina ta ci gefen kwalta, Pro-Kit shi ne iyaka. Sportline na mai fita yawo da yamma ne a titin da ya haddace ramukansa.

Abin da ya sa Pro-Kit ya dace da mu shi ne yadda aka naɗe shi. Zagayensa ba tazara ɗaya ba ne, don haka yana da laushi a farkon matsawa, ya ƙara tauri idan nauyi ya danne shi. Ƙananan gargada yana shanye su, a kwana kuma jikin motar ba ya kwanciya gefe kamar da. Sai dai kada a yaudari kai: ya fi na kamfani tauri, kuma rami mai kaifin baki za a ji shi har ƙugu.

Babban kuskure shi ne ɗora sabon sifirin a kan tsohon shoka. Idan mota ta sauka, tazarar da shoka ke tafiya ta ragu, sifirin mai tauri kuma yana dawowa da ƙarfi. Shokar da ta gaji ba za ta iya riƙe shi ba, sai motar ta riƙa tsalle bayan kowane tudu, ba da jimawa ba mai ya fara tsatsafowa a jikin sandar shokar. A shafa yatsa a wurin kafin a sayi komai. In akwai danshin mai, a canza. Shoka mai lafiya tana ɗaukar milimita 25, amma wanda ke da hali ya haɗa da sabuwar shoka irin Bilstein B8 ko Koni Sport. B8 an gajarta ta ne musamman don motar da aka sauke.

Wajen ɗaurawa, a tabbatar makanike yana da abin matse sifirin na gaske, domin na gaba a matse yake a kan shoka, in ya kuɓuce yana iya karya hannu. Lambar da aka buga a jikin na gaba daban take da ta baya, a duba ta dace da ta kwalin. Wannan ma hanya ce ta gane jabu. Notocin hannuwan ƙarfe da ke riƙe da taya, masu bushin roba, kada a ɗaure su tamau motar tana kan jak. Sai an sauke ta nauyinta ya hau kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni, a fara jin ƙara ana zargin sifirin alhali ba laifinsa ba ne.

Bayan mako ɗaya ko biyu, idan motar ta zauna, a kai ta saitin tayoyi na kwamfuta, ko da sai an je Sakkwato. Saukewa yana sa saman tayoyin ya karkata ciki, yana kuma sauya inda suke fuskanta, kuma wannan na biyun ne ya fi cinye gefen taya na ciki. A tayoyin bayan wannan motar, kamfani bai bar wurin gyara karkatar ba. In ta yi yawa sai an sayi hannun ƙasa mai saiti. A kuma duba inda hasken fitilun gaba ke sauka da dare.

Yanke sifirin na asali da injin gurza ƙarfe, ko gasa shi da wutar walda don ya lotsa, ba araha ba ce. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya zamewa idan taya ta faɗa rami ana cikin gudu.