Garejin da ya ƙi ɗaura min ƙugiyar ja sai da aka hau sikeli

Salam jama'a. Mutane da yawa sun tambaye ni inda na yi aikin ƙugiyar da nake jan karaban ɗina da ita, toh bara in faɗi yadda muka yi da garejin, abin da ya burge ni da wanda bai min daɗi ba.

Karaban ɗin nan, wato ɗakin kwana mai taya, na saye ta ne a gwanjon kayan wani kamfanin gini da ya gama aikinsa, 'yar Amurka ce, akwai gado, ɗan kicin, banɗaki da tankin ruwa. Niyyata in riƙa kwana a ciki lokacin girbi a gona, in an yi hutun makaranta kuma in kai iyali Jos ko Yankari. Motata Highlander ce ta 2012 mai V6, na duba intanet na ga an ce tana jan fam 5,000, kusan kilo 2,270 kenan, ita kuma karaban an buga kilo 1,750 a jikinta in ba kaya, sai na ce ai magana ta ƙare.

Na fara zuwa Panteka a nan Kaduna, wani mai walda ya ce in kawo yau in ɗauka gobe, zai liƙa ƙarfe a ƙarƙashin bomba. Hankalina bai kwanta ba, shine wani abokina ya tura ni wani gareji a Kakuri wajen wani dattijo da ya daɗe yana aikin manyan motoci.

Baban nan ko kallon bayan motar bai fara yi ba. Bonet ya sa aka buɗe, ya leƙa, ya ce Alhaji ka yi sa'a taka ta zo da kayan ja daga kamfani, akwai babban lagireto da abin sanyaya man giyabos, wadda ba ta da su a irin wannan shekarar fam 2,000 kawai aka yarda ta ja, kilo 900 da 'yan kai. Daga nan ya buɗe ƙofar direba ya nuna min wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar, wallahi shekara huɗu ina hawan motar ban taɓa karanta ta ba. An rubuta cewa mutane da kaya gaba ɗaya kada su wuce fam 1,200, kilo 544.

Ya ce Alhaji abin da mota ke ja daban, abin da take ɗauka a kanta daban, kuma na biyun ne ke fara cika. Bakin karaban da ke zaune kan ƙwallon ƙugiya yana danne motar da kaman kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin karaban ɗin, kuma wannan nauyin cikin kilo 544 ɗin nan ake cire shi, tamkar ka ɗora buhunan masara a but. Ita kuma Highlander iyakar abin da aka yarda ya danne ƙwallon fam 500 ne, kilo 227.

Gaskiya da farko na ɗauka jan rai ne don a ƙara kuɗi. Na ce Baba ai ƙarfe ne kawai za a ɗaura. Ya ce shi ba zai sa hannu a abin da zai kwashi yara ba tare da ya ga lamba ba, in je in loda karaban ɗin yadda zan yi tafiya da ita mu haɗu a sikelin manyan motoci na wani kamfanin hatsi da ke kusa, zai aro min Hilux ta jawo ta.

Na loda. Tanki cike da ruwa lita 150, kuma kowace lita kilo ɗaya ce, tulun gas biyu a gaba, batir, janareto, jarkar fetur, katifu, tukwanen Maman yara, buhun shinkafa. Sikeli ya nuna kilo 2,140, har yanzu ƙasa da 2,270, na ji daɗi. Da aka auna bakin kaɗai sai ga kilo 265. Ya zauna kan benci da biro ya cire 265 da kilo 20 na ƙarfen ƙugiyar daga 544, saura 259. Ni da Maman yara da yara uku da Hajiyarmu mun haura kilo 320 ko jakar hannu ba a sa ba. Jikina ya yi sanyi, don da mai waldan nan na bi da haka zan hau titi, bayan mota a ƙasa, gaba ya ɗage, sitiyari ya yi sakayau, birki ba ya kamawa yadda ya kamata, ga ramuka ga tireloli suna wuce ka da iska.

Na ce toh a mayar da kayan can baya mana bakin ya yi sauƙi. Ya ce a'a, in bakin ya yi sauƙi da yawa karaban za ta fara kaɗa wutsiya a gudu, ta ja motar dama da hagu har ta kifar da ita, kaya mai nauyi ƙasa ake sa shi a kan tayoyi ko ɗan gaba kaɗan. Muka zubar da ruwan tanki, aka cire tulu ɗaya, janareto ya koma saitin tayoyi, bakin ya dawo 215.

Aikin kansa ba ni da abin cewa. Ƙugiyar da aka ƙera don motar ya sa aka kawo daga Legas, da noti aka ɗaure ta a ramukan da ke jikin shasi, ba walda ko ɗaya. Ya sa rewaya ya haɗa soket mai baki 7 da na'urar da ke sarrafa birkin karaban daga cikin mota, tunda birkin lantarki gare ta kuma Toyota da kanta ta ce duk abin da ya wuce fam 1,000 sai da birkinsa.

Inda suka ɓata min rai lokaci ne. Kwana biyar aka ce min, sai da na yi sati uku ina zarya daga Malali zuwa Kakuri, in ka kira waya ba a ɗauka sai ka je da ƙafarka. Rewayan kuma ya juya wayar sigina, in na ba da hannun dama karaban ta nuna hagu, a baifas wani mai Keke ya tsayar da ni ya faɗa min, na koma suka gyara ba su karɓi ko sisi ba amma abu ne da ya kamata su gwada kafin su ba ni makulli. Kuɗinsu ma ya ninka na Panteka nesa ba kusa ba, duk da ni ban yi da-na-sani ba.

Mun je Jos a hutun da ya wuce ta Kafanchan, da safe muka tashi don kada dare ya same mu a hanya. Hajiya da babban yaron suka bi motar ƙanina don kada nauyi ya yi wa motata yawa, ban wuce 80 ba duk tafiyar. A Hawan Kibo na sauke giya na bi a hankali idona na kan allurar zafi, ba ta motsa ba, wajen dawowa ma da giya na sauko ban zauna kan birki ba. Ruwa sai da muka isa Jos muka cika tanki, ranar tahowa kuma na sake zubar da sauran.