BS3 na ƙananan kwalabe, abin da na gani

Duk mai aikin ɗaure furotin da furotin a lab don kar su wargaje, ni dai a wajena, cikin sinadaran da ake wannan ɗaurin da su, BS3 ya fi glutaraldehyde kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Glutaraldehyde akwai arha kam, amma ba shi da birki wlh, yana haɗuwa da kansa ya yi dogayen sarƙoƙi, ka ɗan ƙara masa lokaci sai ka ga furotin ya dunƙule ya ƙi shiga jel ɗin da ake tace furotin a ciki, ga tururinsa mai cin ido da maƙogwaro.

Shi BS3 ga yadda yake aiki. Hannu biyu gare shi, kowanne na cafke amin (wani ɓangare mai nitrogen) ɗin da ke jikin lysine, ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin, tsakanin hannuwan angstrom 11.4 (tazara ƙanƙanuwa ƙwarai), kenan waɗanda ke dab da juna kawai zai ɗaure. Yana narkewa a ruwa kai tsaye ba kamar ɗan'uwansa DSS ba da sai an narka shi a sinadarin DMSO, kuma ba ya ratsa fatar sel, in furotin na wajen sel kake nema to ka huta.

Babban maƙiyinsa danshi ne, shi ya sa ma na koma sayen na ƙananan kwalabe masu miligiram 2. Babbar kwalba kullum ka buɗe iska ta shiga, garin na nan fari tas kamar lafiya lau alhali ruwa ya riga ya kashe hannuwan, sai ka gudu SDS-PAGE (gwajin jel mai raba furotin bisa girma) ka ga babu layin sama ko ɗaya, wato alamar furotin ɗin da ya ɗauru, ka rasa ina matsalar take. Na ƙananan kuwa ka bari sanyin ajiya ya sake shi tukunna, ka narka, ka zuba nan take.

Kar a haɗa shi da sinadarin Tris ko glycine tun farko fa, suma amin gare su, za su cinye shi kafin ya taɓa furotin. A yi aikin a ruwan PBS ko HEPES masu daidaita tsami, pH (ma'aunin tsami) 7 zuwa 9, minti 30 a zafin ɗaki, sannan a sa Tris ɗin a ƙarshe ya tsayar da aikin.

Abin da bai min ba, tsada, kuma ragowar da ka narka ba ta ajiyuwa sai zubarwa. Sannan in ya ɗaure ya ɗaure kenan, mai son ya kwance daga baya da DTT (sinadarin da ke tsinka ɗaurin) gara ya sayi DTSSP, ɗan'uwansa mai kwancuwa.